Agogon Nan Ya Fi Ƙarfin Ciwon Talaka

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Gangshan, babu mai iya tuna ranar da Pan Chin-fa ya zama injiniya. Abin da kowa ya sani shi ne ya yi shekara talatin a masana'antar sukuru, zaune a bakin sito yana buga wa kwalaye hatimi. Amma da yake garin namu da sukuru yake ci yake sha, sai Pan ya kwashi ilimin masana'antar gaba ɗaya ya aza a kansa, ya yi ritaya da shi.

"Duk abin da aka ɗaure da sukuru ƙanena ne," in ji shi.

Ƙannen nasa kuwa sun ji jiki. Fankar shagon Kao mai aski, tun ranar da ya gyara ta bango take yi wa fifita. Babur ɗin Lo mai farfesun akuya, in ka danna hon sai fitila ta kama. Shi ya sa aka laƙaba masa Injiniya, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar masu kiran nasa ba.

Ana saura kwana goma sha biyu baikon 'yarsa Pei-shan, matarsa Bi-lan ta buɗe durowa ta ɗauko wani ɗan akwati. Agogon mahaifinta ne a ciki, na zinare, ƙirar Suwizalan, irin wanda ba ya cin batir sai an murɗa masa kunne kowace safiya. Tsohon ya saye shi shekarar da tafkunan kifinsa suka yi albarka, ya ɗaura shi shekara arba'in, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mata na hannunsa. Kafin ya rasu ya bar wasiyya a ba mijin jikarsa ranar baiko, cikin kayan da dangin amarya ke ba ango. Ya tsallake surukinsa Pan, bai faɗi dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba.

"Baban Pei-shan, buɗe kunnenka," in ji Bi-lan. "Ka kai wa Shifu Yen mai gyaran agogo ta wanke shi ta sa masa mai. Ta ce mako guda zai yi a wurinta. Da ba don tela da masu abinci sun sha mini kai ba, da ƙafata zan je."

"Uwargida, ni za a koya wa yadda ake..."

"Ka kai. Ka miƙa. Ka dawo. Aiki uku ne."

Pan ya fita. Yana shan kwana ya ɗaura agogon a hannu, wai don kada ya faɗi daga aljihu. Hanyar zuwa wurin Shifu Yen kuwa ta gaban shagon Kao ta bi, a ƙuryar shagon kuma akwai teburin majan, wasan da mutum huɗu ke bugawa, tebur na zamani, mai haɗiye ƙwayoyin wasa ya cakuɗa su a cikinsa ya dawo da su a jere. Kao da matarsa da Lo suna zaune suna jiran na huɗu. Pan ya ce hannu ɗaya kawai zai buga. Ya naɗe hannun rigarsa na hagu har gwiwar hannu, ya shimfiɗa tsintsiyar hannun a kan tebur inda hasken fitila ya fi sauka.

"Injiniya, hannun ciwo yake yi?" in ji Lo. "Tun ɗazu ka baje shi kamar kifi a kasuwa."

"Ƙarfe nawa yanzu, Lo?"

"Ga agogon bango can."

"Wancan na 'yan kallo ne. Ni za ka tambaya."

"Na surukinka ne, ko? Wanda ya ce kada ka..."

"Bai ce komai ba. Buga wasanka."

Hannu ɗaya ya zama yini. Yini ya zama kwana uku. Kullum da safe sai ya ce yau zai kai, kullum sai ƙafarsa ta karkace a ƙofar Kao. In ya dawo gida ya cire ya tura cikin safa, Bi-lan ta tambaya, ya ce yana wurin Shifu, ana kan aiki.

Rana ta uku abin ya fara. Motar shara takan shigo layinmu ƙarfe biyar na yamma tana kiɗa, kowa ya fito da ledarsa. Ranar Pan ya fito ya tsaya bakin titi shi kaɗai, leda a hannun dama, agogo a hagu, yana huci. Sai da ya yi minti arba'in kafin motar ta ɓullo. Ya sha gaban direba.

"Kun makara. Mutane na biyan haraji kuna barci."

"Baba, biyar ce daidai."

"Biyar da minti arba'in." Ya kai masa hannun har hanci. "Agogon Suwizalan ne."

"To ka jira motar sharar Suwizalan."

Maƙwabta suka dara, Pan ya ce hassada ce. Amma da ya ga labaran talabijin sun makara, jirgin ƙasa ya makara, har shinkafar Bi-lan da ba ta taɓa saɓa lokaci ba ita ma ta makara, sai jikinsa ya ba shi. Kashegari da sassafe ya nufi wurin da aka aike shi tun farko.

Shagon Shifu Yen bai fi faɗin ƙofa ba. Ta haura saba'in, ta yi shekara hamsin a kan kujera ɗaya da gilashin duba agogo maƙale a ido. Ta karɓa, ta saurara, ta ɗauko wani ɗan kamfas ta kusanta shi. Allurar kamfas ta juya ta bi agogon.

"Mayen ƙarfe ya kama shi," in ji ta. "Kana buga majan a teburin lantarki?"

"Mene ne haɗin kifi da kaska?"

"Teburin cike yake da mayen ƙarfe, da shi yake juya ƙwayoyin. A cikin agogo kuma akwai wani siririn ƙarfe da ya fi gashi sirantaka, shi ke riƙe da bugunsa. In maye ya kama shi sai ya manne da kansa, agogo ya yi ta gudu."

Ta ɗora shi a kan wani ɗan akwati shuɗi, ta danna maɓalli, ta janye shi a hankali. Ta sake kusanta kamfas, allura ba ta motsa ba.

"Shi ke nan."

"Shi ke nan me?"

"Ya warke. Yanzu bar shi in wanke, kamar yadda Bi-lan ta ce tun ranar Litinin."

"Me zan bayar na wannan?"

"Na danna maɓalli? Je ka abinka."

Nan ran Pan ya ɓaci. Da ta ce masa aikin zai ci rabin fanshonsa, da ya fita yana taƙama. Amma a ce agogon da ya kwana uku yana nuna wa unguwa an warkar da shi kafin mutum ya yi atishawa, kuma kyauta, wannan bai ɗauke shi komai ba sai raini.

"Shifu, kin san abin da ke hannunki kuwa? Agogon da ya ƙetaro teku? Abin da kika faɗa ai ciwon talaka ne. Irin wannan in zai kwanta, babban ciwo yake yi."

"Maye ba ya tambayar farashi, Malam Pan."

"Ni na yi shekara talatin cikin ƙarfe."

"Na ji labari. Kwalayen suna gaishe ka."

Ya fizge agogonsa ya ce zai kai inda aka san darajar kaya. Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Kao, don ya ba da labarin tsohuwar da ke damfarar mutane da akwatin wasan yara. Labarin ya yi tsawo, sai da ya ci hannun majan shida, tsintsiyar hannu shimfiɗe a inda ta saba. Kashegari agogo ya riga duniya da rabin awa.

"Ga shaida," in ji Pan. "Na ce muku ba ta iya ba."

"Yaya Pan, ta ce fa teburin nan ne," in ji matar Kao.

Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa. "Katako da roba. Ki bar wa masu sani."

Ana saura kwana bakwai ya sa kwat ya shiga jirgi zuwa tsakiyar birnin Kaohsiung, ya hau bene na ashirin inda babbar cibiyar gyaran agogon masu hali take. A nan ne hankalinsa ya kwanta. Ga darduma mai nutsar da ƙafa, ga shayi a kofin tangaran, ga wata budurwa da farar safar hannu ta karɓi agogon a kan faranti ta shige da shi ciki. Da ta dawo ta rusuna ta ce tsohuwar ƙira ce, sai an tura shi ƙasar waje an duba shi gaba ɗaya, zai ɗauki wata huɗu.

"Wata huɗu," in ji Pan, yana lasar maganar. "Kin ji ciwon manya."

Sai ya tuna da baiko. Ya yi roƙo, ya yi barazana, ya ce shi ma ɗan sana'a ne, a ba shi kujera a ciki ya taya su. Budurwa ta yi ta murmushi tana ba da haƙuri. Ta raka shi har bakin lif, sannan ta ce a ladabce:

"Yallaɓai, kada ka ga na yi shisshigi. Ko kana buga majan?"

"Har nan tsohuwar nan ta bugo waya?" in ji Pan, ƙofa ta rufe.

A jirgin komawa ya yanke shawara. Tsohuwa ba ta iya ba, masu safa ba su da sauri, saura wa? Ya buɗe waya ya samo bidiyon wani mai kwance agogo. Mutumin ya cika surutu a farko, sai Pan ya tura gaba zuwa inda aka fara kwance sukuru, tunda nan ne fagensa. Abin da ya tsallake shi ne inda mutumin ke gargaɗi a fara sassauta ƙarfin naɗin agogo kafin a taɓa komai.

An yi aikin a shagon Kao, don ya fi haske, don kuma Pan ba ya iya yin abu in babu mai kallo. Ya shimfiɗa farin tawul a kan teburin aski. Ya jera sukuddireban gyaran tabarau, da matsefatar da matar Kao ke tsinke gira da ita, da gilashin karanta jarida. Lo ya bar tukunyarsa a wuta ya zo, mutum uku da ke jiran aski suka miƙe suka zagaye shi.

"Ku ja baya. Numfashinku na da ƙura."

"Injiniya," in ji Kao, "fankata na gaishe ka."

"Fanka aikin ƙarfi ce. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne."

Murfin baya ya buɗe ba gardama, wannan ya ƙara masa ƙarfin hali. Cikin agogon kuwa abin kallo ne, ƙananan ƙafafu masu haƙora na juyawa, jajayen duwatsu na ƙyalli, wani ɗan zobe na kai da komo ba hutawa. Kowa ya miƙo wuya. Pan ya yi musu jawabi a kan yadda Turawa suka koyi wannan a wurinmu, sannan ya kwance sukuru na farko. Ya kwance na biyu. Da safen nan kuwa ya murɗa wa agogon kunne har ya ƙi juyawa. Yana ɗaga farantin da na uku ke riƙe da shi, sai aka ji zurrr, kayan ciki suka yi tsalle suka watse kamar an jefa dutse cikin garken tsuntsaye.

Wani ya daki madubi. Wani ya shige kwalar Lo. Sauran suka sauka ƙasa, inda gashin mutum biyar na aikin safe ke kwance ba a share ba.

"Haka yake yi," in ji Pan bayan ɗan lokaci. "Alamar lafiya ce."

"In haka lafiya take, gara ciwon," in ji Lo, yana karkaɗe riga.

"Kada wanda ya motsa."

Ya ruga gida ya dawo da tsarabar da ya taho da ita daga masana'anta, mayen ƙarfe mai sanda, wanda ake tsince sukuru da shi a ƙasa. Faɗinsa ya kai faranti.

"Yaya Pan, ba wannan ne aka ce shi ne ciwon ba?" in ji matar Kao.

"Da ƙaya ake cire ƙaya."

Ya bi shagon lungu-lungu. Maye ya kamo sukurori, ya kamo ƙananan sanduna, ya kamo fil uku, da guntun reza, da ƙusar takalmi, duk suka dunƙule wuri guda. Na tagulla da suka ƙi bin maye sai da aka sa tsintsiya, aka tankaɗe gashi da rariyar shayi. Da aka zube komai a kan tawul, Kao ya leƙa ya ce:

"Ka iya kiwo, Injiniya. Agogon har ya haihu."

Kwana uku Pan ya yi a ɗakin ajiyar Lo, tsakanin buhunan citta da tulunan miya, yana mayar da kaya. A gida ya ce wa Bi-lan yana taya Lo gyaran firji, ita kuwa ta tausaya wa Lo. Inda abu ya ƙi shiga ya danna, inda ya ƙi juyawa ya ɗiga masa man injin aski. Da ya gama, guda bakwai suka yi saura a kan tawul.

"Waɗannan fa?" in ji Lo.

"Ƙari ne. Suna cusa su don a ji nauyi a biya da yawa."

"Wannan na injin askin Kao ne, tun jiya yake nema."

"Ka gani? Saura shida."

Ya murɗa kunne. Shiru. Ya girgiza, ya hura, ya ɗan buga a tafin hannu. Agogon da ke gaban duniya da rabin awa yanzu ya tsaya cak ya bar ta ta wuce. A nan ne tsoro na gaske ya shige shi, don ya san abin da agogon yake a wurin Bi-lan. Garin gyaran gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne.

Ana saura kwana biyu ya koma wurin Shifu Yen, wannan karon ba kwat. Ta buɗe murfi, ta kwance abin da ya ɗaura, ta baje a kan ƙyalle. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Can ta sa matsefata ta zaro wani dogon farin gashi.

"Na wa ne wannan?"

"Shifu, ki taimaka."

"Wata biyu, in an yi sa'a." Ta ɗaga wani ɗan zobe mai siririn ƙarfe naɗe a tsakiyarsa. "Ka ga wannan? Shi ne ransa. An daina yin irinsa tun kafin a haifi 'yarka. Yadda ya tsira daga hannunka ban sani ba, amma ya tsira. Muddin yana nan, agogo zai tashi. Bar mini kayan, ka je ka gaya wa matarka."

"Ki riƙe cikin, ki ba ni ƙoƙon. Bayan biki sai..."

"Ba na ɓoye wa mai kaya rabin kayanta. In ka bar shi nan, yanzu zan buga mata waya. In ka tafi da shi, ni sana'ata gyara ce ba kai ƙara ba."

Mai hankali da ya bari. Pan ya tattara kayansa a hankici ya yi godiya. Ya wuce kasuwa, wurin wani mai tebur da ke sayar da agogon roba da batir. Mutumin ya dubi ƙoƙon zinare, ya dubi Pan, ya ce shi dai babu ruwansa. Cikin rabin awa ya dasa masa injin batir, ya liƙe da gam, ya goge gilashi. Agogo ya kama tafiya daidai da wayar mai tebur, ko daƙiƙa ba ta kuskure ba.

Kafin Pan ya iso gida ƙirjinsa ya koma inda yake. Ya buɗe wa Bi-lan akwatin daga bakin ƙofar kicin, ta hango ƙyalli, ta hango lokaci daidai, hannunta cikin ƙullu. Ya yi maza ya rufe ya ɗaure da jan ƙyalle, wai kada albarka ta zube kafin ranar. Saura kayan ciki. Ya rasa inda zai ɓoye su a gidan da Bi-lan ke juyawa sama da ƙasa saboda baƙi. Sai ya ga jajayen ambulan da ta sayo na kyautar biki. Ya zari ɗaya, ya juye hankicin a ciki, ya liƙe, ya tura a aljihun cikin kwat ɗin bikinsa, wadda an riga an goge an rataye, babu mai sake taɓa ta. Ya yaba wa kansa ƙwarai da wannan dabara.

Ranar baiko da safe Bi-lan ta miƙa masa jar ambulan. "Ta Gwaggo Tsao ce, mai dalilin aure. Da hannu biyu za ka ba ta." Ya karɓa ya tura a aljihun ciki.

Dangin ango suka iso a mota shida. Falo ya cika, an kunna turare a kan teburin tunawa da kakannin da suka rasu. Pei-shan ta zagaya da shayi mai zaƙi, aka zaunar da ita a doguwar kujera, aka sa zobe. Gwaggo Tsao, 'yar'uwar kakar ango, tana gefe tana zuba kalaman albarka, don aikinta ke nan, ko kofi ya faɗi sai ta samo masa fassara mai daɗi. Pan ya zaro ambulan ya ba ta da hannu biyu. Ta ji nauyi, fuskarta ta washe. Ba a buɗe ambulan a gaban jama'a, amma babu dokar da ta hana latsawa, Gwaggo kuwa gwana ce a wannan.

Aka zo ba ango kayansa. Bi-lan ta kwance jan ƙyalle. Ba wanda ya ce Pan ya yi magana, amma ganin mutum talatin sun zuba ido wuri guda ya fi ƙarfinsa.

"Suruki," ya ce wa uban ango, "wannan agogon ya yi jinya. Masu farar safa a bene na ashirin sun ce wata huɗu. Ni kwana uku na ba shi."

"Kai?" in ji Bi-lan.

"Wato... na ɗan taya Shifu."

"Ashe surukin namu gwani ne," in ji uban ango. Daga bayan falo aka ji Lo ya shaƙe da shayi.

Bi-lan ta buɗe akwatin. Ta ɗaura wa Wen-hao, angon, agogon a hannu kamar yadda al'ada ta ce. Sannan ta yi abin da ba ya cikin al'ada, ta ɗaga hannun yaron ta kara a kunnenta. Tana yarinya a kan hannun mahaifinta take barci, kuma wannan bugun mai sauri, tik-tik-tik ba tsayawa, shi take ji har barci ya ɗauke ta. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, kuma yau ta yi marmarin ta ji shi sau ɗaya kafin ya bar gidan. Abin da ta ji shi ne tak. Shiru. Tak.

Ta sauke hannun a hankali.

"Chin-fa. Ina cikinsa?"

"Uwargida, abin da ba ki gane ba shi ne, agogon zamani..."

"Ina cikin agogon babana?"

"Yana wuri mai tsaro. Babu mai iya..."

Daidai nan babban yatsan Gwaggo Tsao ya gamu da haƙoran wata 'yar ƙafar tagulla. Takarda ta yage. Kayan cikin agogo suka zubo daga cinyarta, suka sauka a kan tayil suna ƙara, suka gangara ƙarƙashin kujeru, ƙarƙashin teburin kakanni, tsakanin takalman baƙi. Wata 'yar ƙafa ta yi ta juyi a tsakiyar falo ita kaɗai har ta gaji ta kwanta.

Gwaggo ta shekara arba'in tana wannan aiki, ba ta saba barin shiru ya daɗe ba. "Zinare ya watsu a ƙasa," in ji ta da rawar murya, "arziki zai cika gida, 'ya'ya kuma... da yawa, ƙanana."

Bi-lan ta tattare rigar bikinta ta durƙusa ta fara tsinta. Wen-hao ya cire kwat ya durƙusa kusa da ita. Pei-shan ta sauko daga kujerar da aka ce kada amarya ta sauka. Uban ango ya duba hagu da dama, ya ja wandonsa, shi ma ya sauka. Kafin a jima dangi biyu da ba su gama sanin sunan juna ba suna rarrafe kafaɗa da kafaɗa, wannan na haska wa wancan da waya. Kao da Lo, da yake sun taɓa yin aikin, su suka fi kowa sauri.

"Kai tsaya inda kake," in ji Bi-lan, ba ta ɗago ba. "Kada ka motsa."

Pan ya tsaya shi kaɗai a tsaye a falon. Ya jure minti ɗaya. Ya jure na biyu. Amma ganin mutane na aiki ba tsari, ba mai ba da umarni, ya fi masa komai ciwo.

"Ba haka ake yi ba. Akwai abin da nake da shi a baya, mai sanda, yanzu zan..."

Ya ɗaga ƙafa ya taka. Ƙarar ba ta da yawa, ɗan ƙaras ne kawai, amma kowa ya ji.

"Ɗaga," in ji Bi-lan.

Ya ɗaga. Ɗan zoben ne, ya baje a kan tayil, siririn ƙarfensa ya cukuikuye. Ta sa farce ta ɓanɓaro shi ta ɗora a tafin hannunta.

"Ana iya miƙe shi," in ji Pan. "Da 'yar matsefata..."

"Shifu ta gan shi?"

"Ta gani."

"Me ta ce? Ana samun wani?"

Pan ya buɗe baki. Jawabai uku ne suka zo masa a lokaci guda, kowanne mai kyau. Ya dubi matarsa a durƙushe, hawaye na ɗiga a kan rigar da ta yi wata biyu tana zarya wurin tela a kanta.

"An daina yi," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ta naɗe zoben a hankicinta, ta share ido da bayan hannu, ta dubi tayil ɗin da ke gabansa.

"Sauke wannan a inda take. Ɗaga ɗayar kuma."

Injiniya Pan ya ɗaga. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar falonsa, surukai na rarrafe kewaye da shi, kuma babu wanda ya tuna ya ce masa ya sauke.